Wai da gaske 'yan kallon Ingila sun fi namu daba a da?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Wani ya turo min bidiyon wasan Luton da Millwall na 1985, har yanzu ban daina mamaki ba. Ƙarti sun ɓaɓɓalle kujeru suna jifan 'yan sanda, 'yan sanda suna arcewa a tsakiyar fili. Wai fa Ingila ce, ƙasar da kullum ake ce mana mu yi koyi da ita. Manyanmu, haka abin yake a da, ko rana ɗaya ce tsautsayi ya ratsa? In haka yake, don Allah a sarara wa magoya bayan Pillars da zagi.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam ƙanina. Ai abin da ka gani ɗanɗano ne. Wasan nan ranar 13 ga Maris 1985 aka yi shi a Kenilworth Road, kofin FA, Luton ta ci 1-0. Bayansa Luton ta kai ga hana baƙin 'yan kallo shiga filinta kwata-kwata, har aka cire ta daga League Cup saboda ta ƙi janye matakin. Kuma shekarar ba ta tsaya nan ba. Ranar 11 ga Mayu 'yan Leeds da 'yan Birmingham suka kacame a St Andrew's, katanga ta rufta wa wani yaro ɗan shekara 15 ya mutu. Labarin bai yi amo ba, domin a ranar ce gobara ta tashi a filin Bradford ta ci mutum 56. Kafin wata ya ƙare sai ga bala'in filin Heysel a Beljiyam.

Mu da muka riski zamanin ta rediyo, idan aka zo labarin wasanni daga Ingila, sakamako rabi ne, adadin waɗanda aka kama rabi ne.

Maman Sadiq: Baba, ni abin da ban gane ba, ta yaya ma ake haɗuwa har a yi faɗan? Ba kowa da lambar kujerarsa ba?

Baban Ummi: Ina kujera Hajiya! Wannan sabon yayi ne. A da bayan kowace raga tsayuwa ake yi, matakalar siminti ce hawa-hawa, da 'yan ƙarafan jingina jefi-jefi. Ka biya kuɗi a ƙofa ka shiga, ka tsaya inda ƙarfinka ya kai ka. Idan aka ci ƙwallo na sama su tunkuɗo na ƙasa, sai ka tsinci kanka hawa goma ƙasa da inda kake. Kowane kulob yana da ɓangaren da ya zama fadarsa: Liverpool na da Kop, United na da Stretford End, Chelsea na da Shed, Arsenal na da North Bank. Babbar bajinta a wurin samarin lokacin ita ce baƙi su sulale cikin fadar masu gida da ɗai-ɗai, ba tuta ba ɗan kwalin wuya, sai sun taru a tsakiya su ɓarke da waƙar kulob ɗinsu. Daga nan sai dambe. In suka kori masu gida daga wurinsu, to a ganinsu sun ci wasa ko da an zura musu biyar a fili.

Abu Gunners: Baba na ga kana ta zagaye-zagaye. A zo kan Heysel ɗin mana. Su wa suka jawo aka kori kulob-kulob ɗin Ingila gaba ɗaya daga gasannin Turai shekara biyar? Arsenal ta ɗauki lig a 1989, a Anfield ma kuwa, ƙwallon Michael Thomas a minti na ƙarshe, amma ba mu buga kofin Zakarun Turai ba saboda laifin da ba mu ji ba ba mu gani ba.

Baban Ummi: Ban zagaye ba, kuma ba zan wanke kowa ba. Ranar 29 ga Mayu 1985, wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Juventus a Brussels. An ware wani ɓangare da ake kira Z don 'yan ba-ruwanmu, amma yawancin tikitinsa ya faɗa hannun 'yan Italiya, ga shi kuma yana jingine da inda aka zuba 'yan Liverpool. Abin da ya raba su siririn shingen waya ne da 'yan sanda ƙalilan. Kamar awa guda kafin a take wasa aka fara jife-jife, sai wasu 'yan Liverpool suka keta shingen suka yi kansu. Mutanen nan ba 'yan faɗa ba ne, magidanta ne da 'ya'yansu, suka ruga suka matsu a jikin katanga, katanga ta faɗi. Mutum 39 suka mutu, 32 daga ciki 'yan Italiya, ɗaruruwa suka ji rauni. Daga baya kotun Beljiyam ta samu magoya bayan Liverpool 14 da laifin kisa ba da gangan ba. Mu 'yan Liverpool aka ƙara wa shekara guda a kan taku biyar ɗin.

Amma Abu, kotun ba ta tsaya kan 'yan kallo ba. Ta hukunta wani jami'in 'yan sanda da sakataren hukumar ƙwallon Beljiyam. Filin tsoho ne tun na 1930, siminti yana marmashewa, har da shi aka riƙa yin jifa.

Abu Gunners: Tsufan fili bai tunkuɗa kowa ba dai.

Na Damagaram: Ni abin da ya fi tsaya min a rai, an buga wasan. Gawawwaki na ajiye a waje, Platini ya ci fanareti ya yi murna, aka ba da kofi. Sun ce wai tsoron kada a soke wasa rikici ya fantsama cikin gari. Wataƙila da gaskiyarsu, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Ɗan Fagge: To ai shi ke nan. Heysel Liverpool, Hillsborough Liverpool. Sau biyu cikin shekara huɗu ai ba a ce tsautsayi ba. Hali ne.

Mazaunin Sheffield: Ɗan Fagge, don girman Allah ka janye wannan. Na san tsokana kake yi irin ta ɗan United, amma maganar da ka faɗa ita ce ƙaryar da iyalan mamatan suka shafe shekara 27 suna yaƙi da ita. Ina zaune a garin da abin ya faru, bari in warware maka.

Hillsborough ba faɗa ba ne, ko mari ba a yi tsakanin 'yan Liverpool da 'yan Nottingham Forest ba. Ranar 15 ga Afrilu 1989 ne, wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, a filin Hillsborough da ke nan Sheffield. An bai wa 'yan Liverpool ɓangaren Leppings Lane, mai ƙarancin ƙofofi. Jama'a suka cunkushe a waje, sai kwamandan 'yan sanda na ranar, David Duckenfield, ya ba da umarnin a buɗe wata babbar ƙofar fita don a rage matsi. Mutane suka kwararo. Da ka shigo, abin da ke gabanka wata hanya ce mai rufi da ke gangarawa kai tsaye zuwa keji biyu na tsakiya, waɗanda tuni sun cika maƙil. Ba wanda ya tsaya ya rufe hanyar ya karkatar da mutane gefe, inda akwai wuri. Gaba shingen ƙarfe ne dogo mai lanƙwasa ciki, gefe da gefe ma shinge. Na gaba suka mutu a tsaye, numfashi ya gagara. Waɗanda suka yi ƙoƙarin haurowa, da farko wasu 'yan sanda sun ɗauka kutse cikin fili suke son yi. An tsayar da wasa da minti shida kacal. 'Yan kallo ne suka riƙa ɓalle allunan talla suna ɗaukar mutane a kai.

Mutum 96 aka ƙirga shekara da shekaru, ya zama 97 a 2021 da wani da ya jima yana jinya ya cika. Mafi ƙanƙanta ɗan shekara 10 ne, ɗan'uwan Steven Gerrard.

Tun ana cikin abin Duckenfield ya gaya wa jami'an FA, hukumar ƙwallon Ingila, cewa 'yan kallo ne suka fasa ƙofa. Jaridar The Sun ta buga a shafin farko cewa sun yi wa mamata sata. An sauya bayanan 'yan sanda sama da 160. A 2012 Firaminista David Cameron ya nemi gafara a majalisa, a 2016 kuma masu binciken kotu suka yanke cewa kashe su aka yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma 'yan kallo ba su da hannu. Har gobe da wuya ka ga mai sayar da The Sun a Liverpool.

Ɗan Fagge: To na ji Malam. Amma shingen da kake magana, wa ya jawo aka kafa shi? Ba 'yan daban ba?

Mazaunin Sheffield: Nan kam ka taɓo wurin. Su suka jawo, kuma kada ka manta naku na cikin na gaba-gaba. A 1974 'yan United suka cika fili a Old Trafford ranar da Denis Law ya ci su da dunduniya yana sanye da rigar City, United ta faɗa rukuni na biyu, 'yan dabarta da ake kira Red Army suka shafe kaka guda suna addabar ƙananan garuruwa. A shekarar ne 'yan Tottenham suka yi ɓarna a Rotterdam a wasan ƙarshe na kofin UEFA da Feyenoord. A 1975 'yan Leeds suka ɓalle kujeru a Paris bayan Bayern ta doke su. Daga nan hukuma ta daina bambance ɗan daba da ɗan kallo. Kowa ya zo kallon ƙwallo abin zargi ne: a tare shi a tashar jirgin ƙasa, a rako shi da dawakai da karnuka, a zuba shi a keji. Shugaban Chelsea na lokacin, Ken Bates, har shinge mai lantarki ya kafa a Stamford Bridge a 1985, hukumar birnin Landan ce ta hana shi kunnawa. Ɗan sandan da aka horar da shi a kan cewa duk mai hawa shinge ɗan tarzoma ne, ranar da mai hawa shingen ke neman numfashi ba zai gane da wuri ba.

Baban Ummi: An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Allah Ya saka da alheri Malam, ka fi ni iya faɗa.

Admin: Jama'a a ci gaba, amma ban da tsokana da mamata. Ɗan Fagge, na bar saƙonka ne saboda amsar da ya jawo.

Na Damagaram: Ni dai a ganina tushen abin talauci ne. Zamanin Thatcher masana'antu sun rurrufe, ma'adinan kwal sun rufe, samari ba aiki. Ko'ina ka tara matasa marasa aikin yi, abin da za ka girba ke nan.

Maman Sadiq: Yaya na Damagaram, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Mai yunwa ba ya sayen rigar Lacoste ya je dambe da ita. Na karanta yadda suke: a ƙarshen shekarun 1970 suka daina sa kayan kulob, suka koma Fila da Sergio Tacchini da takalman Adidas masu tsada, daga baya Stone Island, don ɗan sanda ya gan su ya ɗauka 'ya'yan masu hali ne. 'Yan West Ham sun sa wa kansu suna Inter City Firm ne saboda jirgin ƙasa mai tsada suke hawa, ba jirgin da aka keɓe wa 'yan kallo wanda 'yan sanda ke gadi ba. Har kati suke bugawa, in sun lakaɗa wa mutum duka su ajiye masa, wai murnar ya haɗu da su. Na Portsmouth kuma sunansu 6.57, lokacin tashin jirgin safe zuwa Landan. Wanda yake da kuɗin jirgi da kuɗin buga kati duk sati, ai ba rashin abinci ne ya fito da shi ba. Daɗin abin suke ji, da suna, da a ce garinsu ba a taka shi.

Na Damagaram: Hajiya, ɗan talaka ma ai yana iya kashe kuɗinsa kaf a sutura. Ba mu ga irinsu a unguwa ba?

Maman Sadiq: Mun gani. Amma abin ya fara tun shekarun 1960, kafin a san Thatcher. Kuma ni da nake Chelsea ba zan ɓoye namu ba. 'Yan dabarmu, Headhunters, sun yi ƙaurin suna da cuɗanya da 'yan wariyar launi, 'yan jam'iyyar wariyar launi ta National Front suna sayar da jaridarsu a bakin filaye. Paul Canoville, baƙar fata na farko da ya buga wa Chelsea a 1982, magoya bayan Chelsea ɗin ne da kansu suka riƙa yi masa ihun biri tun yana ɗumama jiki. Cyrille Regis harsashi aka aiko masa a wasiƙa da aka gayyace shi tawagar Ingila. Ku nemi hoton John Barnes a filin Everton a 1988 yana shure ayabar da aka jefe shi da ita. Wani lokaci in na ga yaranmu suna zage-zage a gidan kallo saboda kulob ɗin nan, sai in ce da a wancan zamanin ne, ni da su ba mu isa mu tsaya a Shed ba.

Abu Gunners: Amma ba duka ba. 'Yan dabar Zulu na Birmingham gauraye suke da baƙaƙe, kuma Cass Pennant, ɗaya daga cikin sanannun Inter City Firm ɗin, baƙi ne.

Maman Sadiq: To sai me? Ya zama daba ta haɗin kai ke nan?

Ɗan Nima: Salamu alaikum, na zo a makare amma na karanta duka. Ku da kuke maganar Hillsborough kamar labarin nesa, mu a Accra mun ga namu. Ranar 9 ga Mayu 2001, Hearts of Oak da Asante Kotoko. Kotoko na gaba, Ishmael Addo ya ci biyu a ƙarshen wasa, Hearts ta yi nasara 2-1. 'Yan Kotoko suka fusata suka fara ɓalle kujerun roba suna jefowa. Iyakar laifin 'yan kallo ke nan, kujeru da robobin ruwa. Sai 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a. Kowa ya yi hanyar fita, matakala ƙunci, ƙofofi a rufe. Sama da mutum 120 suka mutu, kuma da yawansu 'yan zango ne, unguwarmu ta Nima ta yi jana'iza ba kaɗan ba. An gurfanar da wasu manyan 'yan sanda, kotu ta sallame su. Yau in ka je filin akwai mutum-mutumin wani yana ɗauke da ɗan'uwansa a kafaɗa.

Abin da ya sa na kawo shi, Ɗan Fagge ya fara da cewa a sarara wa 'yan kallonmu tunda Turawa ma sun yi. Ni ban ce a sarara ba. Wanda ya jefa kujerar farko yana da alhaki. Amma jifan kujera ba ya kashe mutum ɗari. Kwaɗo a ƙofa da hayaƙi cikin cunkoso su ke yi. Indonesiya ma a 2022 haka aka maimaita, mutum 135.

Baban Ummi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu.

Na Damagaram: Amin. Na Port Said a Masar a 2012 fa, da aka kashe 'yan Al Ahly sama da 70? Wancan ai kai musu hari aka yi da makamai.

Ɗan Nima: An kai hari, gaskiya ne. Amma ka bincika, a can ma ƙofar da suka ruga a kulle take.

Ɗan Fagge: To ya aka yi Ingila ta warke? Yanzu ka ga tsohuwa da jikanta a Old Trafford suna cin abinci.

Mazaunin Sheffield: Ba abu ɗaya ba ne. Tun 1985 aka yi dokar hana shan giya a inda ake hangen fili, har yau tana aiki. Gwamnatin Thatcher ta so ta tilasta wa kowane ɗan kallo katin shaida, sai alƙali Taylor, wanda ya binciki Hillsborough, ya ce hakan zai ƙara cunkoso ne a ƙofa, aka watsar. Rahotonsa na 1990 ya kawo a cire kejin, a mayar da filayen manyan rukunai biyu na zama zalla kafin kakar 1994. A shekarar aka rushe Kop na tsayuwa. Sai kyamarori: da an san lambar kujerarka da fuskarka, ba ka da taron da za ka ɓuya a ciki. Sai umarnin kotu na hana mutum zuwa fili na shekaru. Bayan abin kunyar da 'yan kallon Ingila suka yi a Charleroi ta Beljiyam a Euro 2000, aka ƙara da cewa wanda aka hana sai ya miƙa fasfo duk lokacin da Ingila za ta buga a waje. Wato sun koma farautar mai laifi da sunansa, sun daina hukunta kowa da kowa.

Abu Gunners: Ka bar babba Malam: kuɗi. Firimiya ta zo a 1992 da kuɗin tashar talabijin ta Sky, tikiti ya yi tashin gwauron zabi, yaran unguwa da suke cika bayan raga aka kore su da farashi. Ba shiryuwa suka yi ba, an fi ƙarfin aljihunsu ne. Faɗan ya koma mashaya da tashoshi, ana shirya shi ta waya. Ka manta Dublin a 1995 da aka tashi wasan Ingila da Ireland tun kafin hutun rabin lokaci? Ka manta Marseille a 2016 da 'yan Rasha? Ko Wembley a 2021, wasan ƙarshe na Euro, da mutum kusan 2,000 suka kutsa ba tikiti?

Mazaunin Sheffield: Ban ce ya mutu ba. Amma a tsakiyar shekarun 1980 yawan masu zuwa kallo ya faɗi ƙasa fiye da kowane lokaci tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda magidanci ba ya yarda ya kai ɗansa. Yanzu har sun samu natsuwar dawo da tsayuwa tun 2022, kowane layi da ƙarfensa, kowa da lambarsa.

Baban Ummi: Kuma Abu, korar da kake kuka da ita ta yi nata aikin. Da kulob-kulob suka ga kuɗin Turai ya tafi, sai suka daina cewa ba ruwansu da abin da magoya bayansu suke yi. In akwai masu kuka da gaske Everton ce, ta ɗauki lig a 1985 da 1987, ga kofin Turai na Cup Winners a hannu, aka hana ta gwada sa'arta.

Abu Gunners: Kai da kanka ka yarda an zalunci marasa laifi ke nan. Ɗazu kuna cewa hukunta kowa da kowa shi ne kuskuren.

Baban Ummi: Hana kulob buga gasa daban, kulle ɗan Adam a keji daban. Na farko ba ya kashe kowa.

Ɗan Fagge: Mu a nan ai na farkon kawai muka iya. A 2022 bayan rikicin wasan Pillars da Katsina United an ci tara, an kwashe maki, ƙarshe Pillars ta faɗa 'yan dagaji. Amma waɗanda suka farfasa motar Katsina United fa? Kulob ya biya, sauran masu kallo aka hana su kallo, su kuwa suna nan suna yawo.

Maman Sadiq: Ta ina za a gane su? Tikiti ba suna, kujera ba lamba, rabin masu shiga ma ta katanga suke haurowa ko wani babba ya shigo da su a bayan mota.

Ɗan Nima: Gano su zai ɗauki lokaci da kuɗi, na yarda. Buɗe ƙofa kuwa ba ya cin ko sisi. Na taɓa kallon wasa a wani fili da ba zan ambata ba, jama'a dubbai, ƙofa ɗaya tal aka buɗe, sauran da sarƙa da kwaɗo don kada a yi satar shiga. Na tambayi mai gadin wa ke riƙe da makulli, ya ce oga ne, kuma oga yana can rumfar manya. Ɗan Fagge, kai da kake zuwa fili duk sati, ranar Lahadi ka zagaya kafin a take wasa ka ƙirga mana ƙofa nawa ce a buɗe, ka tambayi wa ke riƙe da makullin sauran.

Ɗan Fagge: In sha Allahu zan duba. In mai gadi ya ɗauke ni ɗan leƙen asirin baƙi, Admin ne zai zo beli.